Kaza da karas a ruwan lemon zaƙi: girki ne ko ɓarnar kaza?

Maman Ilham (Unguwar Rimi)
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da sanyi. Lemon zaƙi ya cika gari, kowane baro shi ne a kai, ga karas sabon cira a kasuwar Bakin Dogo ta nan Kaduna har da ganyensa. Shi ne na ce bari in tambaya: a cikinku wa ya iya haɗin nan na kaza da ruwan lemo, wanda sos ɗin ke kama jikin naman yana sheƙi, a jera karas a gefe? Bidiyonsa na yawan zuwa min a waya, amma rabin kayan da suke zubawa ban san su ba, kajinsu ma ba irin namu ba ne. Wanda aka gwada da kazarmu da lemonmu nake so.

Hajiya Babba (Tudun Wada)
Wa alaikumus salam. 'Yata, da tsadar kazar nan za ki ɗauka ki tsoma a ruwan lemo? Lemo na sha ne. Kaza kuwa a yi farfesu, ko a soya a barbaɗe ta da yaji. Tun da nake ban ga inda zaƙi da nama suka haɗa hanya aka wanye lafiya ba.

Ɗan Rigasa
Hajiya ta yanke hukunci, sai a shafa fatiha a watse.

Anti Larai mai girkin biki (Barnawa)
Ba a watse ba tukuna. Hajiya, a gafarce ni, ina da ja. Kilishin da muke kaiwa tsaraba, ki tambayi masu yinsa abin da ke cikin labu, da yawansu na sa sukari ko zuma. Waina muna barbaɗa mata sukari, mu kuma tsoma ta a miyar taushe mai nama, ita kanta miyar kabewa ce ke ba ta ɗan zaƙi. Harshenmu ya san zaƙi a jikin nama. Abin da ba ya so shi ne zaƙi tsura, babu tsami, babu gishiri, babu yaji a bayansa. Wanda ya ci irin wannan dole ya tsani girkin.

Maman Ilham, ga yadda nake yi. Kaza ɗaya ta gidan gona, kuma cinyoyi da fukafukai sun fi ƙirji dacewa domin ba sa saurin bushewa. Ki sa mata gishiri da masoro da ɗan tayim, ki bar ta ta tsane sosai, har ki goge ta da tsumma mai tsabta. Naman da ke jiƙe ba ya yin ja a kasko, dahuwa yake yi. Ki zuba mai kaɗan, ki kwantar da ita ta ɓangaren fata, kada ki yi ta juyi, ki ƙyale ta sai ta yi ja. Ki kwashe, ki rage man, amma kar ki wanke kaskon, wannan abin da ya kama a ƙasa shi ne daɗin. A ciki za ki soya albasa da ɗanyar citta da tafarnuwa da attaruhu ɗaya ko biyu. Sai ki juye ruwan lemo shida, zai kai kofi ɗaya da rabi, ki kankare ƙasan kaskon da muciya. Ki bar shi a buɗe ya ƙone zuwa rabi. Ki mayar da kazar, ki sa dunƙule, ki rufe, ki rage wuta kamar minti 25. Daga ƙarshe ne za ki buɗe ki sa zuma cokali biyu, kina ɗibar romon kina kwarara wa naman har ya yi kauri ya kama bayan cokali. Bayan kin sauke sai ki matse lemon tsami ɗaya ki ɗanɗana. In har yanzu zaƙin ne a gaba, ki ƙara tsami da gishiri.

Maman Ilham (Unguwar Rimi)
Allah ya saka da alheri Anti. To karas ɗin fa, tare da kazar zan zuba?

Anti Larai mai girkin biki (Barnawa)
A'a. Ki yanka shi a karkace, da ɗan kauri, ki tafasa shi daban a ruwan gishiri sai ya kusa nuna. Ki tsane shi, ki sa a kasko da bota ko man shanu, ki ɗebo ludayi guda daga sos ɗin kazar ki zuba, kina girgiza kaskon har ruwan ya tsotse ya bar shi yana ƙyalli.

Amaryar Kawo
Anti wannan ai ƙarin wanke-wanke ne. Me zai hana a zuba ɗanye cikin ruwan lemon su dahu tare, ya ma fi shan ɗanɗano?

Malama Hussaina (Malali)
Ƙanwata, akwai dalili. Abin da ke riƙe da jikin kayan lambu ana ce masa fektin, kuma tsami na hana shi saurin narkewa. Shi ya sa idan kika zuba tumatir a wake tun bai nuna ba sai ya yi ta cin gas yana nan da taurinsa, in kuwa kanwa kika jefa nan da nan ya saki. Ruwan lemo tsami ne ko da kin ji shi da zaƙi a baki. Ɗanyen karas a cikinsa zai nuna, amma sai kazar ta riga shi, kafin ya yi laushi ita ta fara zagwanyewa. In lallai tukunya ɗaya kike so, ki yanka shi siri-siri ki soya shi tare da albasa kafin ruwan lemon ya shiga.

Amaryar Kawo
Ikon Allah, ashe maganar wake ce. To wani abu kuma. Na taɓa cin irinsa a wani gidan abinci a cikin gari, ƙamshi kam ba a magana, amma da na haɗiye sai wani ɗaci ya tsaya min a maƙogwaro. Me ke kawo shi?

Malama Hussaina (Malali)
Ko dai farin nan na ƙarƙashin ɓawo ya shiga, ko 'ya'yan. Masu jefa lemo a bilenda su niƙa gaba ɗaya su ne suka fi haɗuwa da wannan. A matse da hannu a tace. Sannan irin lemon ma na da tasiri. Mai cibiyar nan a ƙasa, wanda 'yan kasuwa ke kira Washintan, ya fi daɗin ci, amma idan aka matse shi aka ajiye ko aka ɗora a wuta, wani sinadari mai suna limonin na fitowa ya sa ruwan ɗaci. Irin da ake kira Balenshiya ya fi jure wuta. Kowanne ne dai, a matse shi lokacin da za a zuba, ba tun safe ba.

Kuku (Kabala)
Malama ta faɗi gaskiya. In ƙara da abin da Anti Larai ta tsallake: ƙamshin lemo ba a ruwansa yake ba, a ɓawonsa yake. Ruwan idan ya daɗe a wuta zaƙi da tsami kawai ke saura. Ki wanke lemo guda da kyau, ki goga saman ɓawon a magogi mai ƙananan ido, da kin hango fari ki tsaya. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa kaza guda, kuma bayan an sauke ake zubawa. Saboda haka kar a sayi wanda aka fere. Mai baro yana feraye abin da muke nema ya zubar, ya bar mana farin da ba mu so.

Anti Larai mai girkin biki (Barnawa)
Ban tsallake ba Malam, ina tsoron masu koyo ne. Hannu na zarcewa ya kai fari, an gama da kazar.

Maman Ilham (Unguwar Rimi)
Amma namu lemon ai kore ne, nasu na bidiyo jajir. Ɓawon koren zai yi?

Baban Sadik mai kaji (Mando)
Zai yi. Koren ba ɗanye ba ne. Yawancin lemon da ke shigowa Kaduna daga Binuwai ake lodo shi, wajejen Gboko, kuma can babu sanyin daren da ke juya launin ɓawo. Sai ya nuna sarai a ciki yana kore a waje. Ki ɗaga ki ji nauyi, mai nauyi da santsin fata shi ne mai ruwa.

Ni dai ta ɓangaren kaji zan sa baki, domin a nan ake yin asara. Lissafin minti 25 da Anti ta bayar na burola ne, wadda ake yankawa tana da sati shida zuwa takwas, namanta bai gama ƙwari ba. Idan kazar Hausa ce aka sayo ranar Talata a kasuwar Kawo, ko tsohuwar mai ƙwai da ta gama aiki, wallahi ruwan lemon zai ƙone ƙurmus ita tana nan gagau. Irin waɗannan sai an fara sulala su da albasa da citta da kanumfari, awa guda ko fiye, sai sun yi laushi. A tsame a soya sama-sama, sannan a kai su cikin sos. Romon sulalen kuma kar a zubar, a ɗebi ludayi biyu a haɗa da ruwan lemon, ya fi kowane dunƙule.

Hajiya Babba (Tudun Wada)
To ka gani. Ka sulala kazar Hausa da citta da kanumfari har ta yi laushi, ai ka gama farfesu, saura ka zuba attaruhu ka kira mutane. Me ya kai ka neman lemo kuma?

Ɗan Rigasa
Hajiya biyu, 'yan lemo ɗaya.

Kuku (Kabala)
Hajiya, a wajen kazar Hausa ina bayanki. Ɗanɗanonta ya ishe ta, ba ta neman taimako. Burola ce ke da salam, ita ce ke son abin da zai tashe ta. Amma asalin tsuntsun da aka san shi da lemo agwagwa ce. Girkin Faransa ne sananne, kuma ba da lemon zaƙi suka faro shi ba, da wani lemo ne mai tsami da ɗaci-ɗaci, irin na Sabiya ta ƙasar Sifen, wanda ba ya shawuwa haka nan. Hikimar ita ce agwagwa na da kitse, tsamin ke yanke maiƙon. Sukan ƙona sukari ya yi ja, su kashe shi da binega, wato ruwan khal, su zuba romon ƙashi da ruwan lemon. Tun da mu ba mu da wancan lemon a kasuwa, shi ya sa ake haɗa na zaƙi da na tsami, kamar kashi uku da kashi ɗaya.

Abu guda a kula: da yawa daga cikin bidiyoyin nan akwai giya a haɗin, wata kwalba ce mai ƙamshin lemo suke tsiyayawa. Ku tsallake ta, gogaggen ɓawo na yin aikinta.

Amaryar Kawo
Tab, agwagwa? Ni ko a mafarki. A gidanmu ba a ci.

Baban Sadik mai kaji (Mando)
Ƙyama ce kawai don ana ganinta a kwata, wadda aka killace aka ba ta dusa da ruwa mai kyau namanta ya fi na kaza auki. Sai dai Malam Kuku, agwagwarmu ta gida ba ta kai ta Turawa kitse ba, jan nama gare ta mai ƙarfi. Ita ma sulale take so kafin komai.

Kuku (Kabala)
Haka ne. Macen ta fi namijin taushi, in za a saya.

Maman Godiya (Sabon Tasha)
Sannunku da hira. Mu a gida talo-talo muke yi wa wannan lokacin Kirsimeti, kuma a kan gawayi, ba a oban ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne lokacin shafawa. Duk abin da ke da zuma ko sukari, in kika shafa tun farkon gashi, waje zai yi baƙi ƙirin ciki da jini. A gasa naman da gishiri da kayan ƙamshi kawai sai ya nuna. A dafa sos ɗin daban a ƙaramar tukunya ya yi kauri. Minti goma na ƙarshe, a ja garwashin gefe, a shafa, a juya, a sake shafawa. Haka ake samun sheƙin nan.

Citta kuma kar a yi mata rowa. Ni 'yar Kachia ce, cittarmu na da zafin da ke tsaya wa zaƙin lemo, ba sai an cika attaruhu ba. Ɗanya nake gogawa in matse ruwanta a ciki. Busasshiya ta fi dacewa da sulale.

Anti Larai mai girkin biki (Barnawa)
Maman Godiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Zumar ma yanzu sai an tona, rabin ta kasuwa sukari ne aka dafa. Na fi yarda da mazarƙwailar Maƙarfi, na san rake ne. Ga launi tana bayarwa, ga wani ƙamshi da farin sukari ba shi da shi. A jiƙa ta a ruwan zafi kaɗan a tace, saboda wani lokaci akan samu tsakuwa ko ɓurɓushin rake.

Nas Rukayya (Unguwar Dosa)
Ina ta karatu, bari in sa nawa kafin a wuce. Kada a ɗauka don da lemo aka yi ya zama abincin masu ciwon suga. Kofi guda na ruwan lemo na ɗauke da sukari wajen giram 20, kusan ƙaramin cokali biyar, kuma ƙonewar da yake yi a wuta ruwa ne ke fita, sukarin na nan. Ga zuma a kai, ga farar shinkafa a ƙasa. Mai suga ya ci naman da karas, ya taƙaita sos ɗin, a kuma cire masa zumar gaba ɗaya. Bitamin C ɗin lemon ma yawancinsa wuta na lalata shi, don haka wanda ke nemansa ya sha lemonsa ɗanye, a nan Hajiya ta fi mu gaskiya. Karas ne ke cin riba: abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A a cikinsa ya fi shiga jiki idan an dafa shi da ɗan maiƙo.

Hajiya Babba (Tudun Wada)
Allah ya yi miki albarka 'yar nan. Maigidana na fama da suga, ashe da na biye muku da na jawo mana kwanan asibiti.

Nas Rukayya (Unguwar Dosa)
Amin Hajiya. Sai kuma masu jiƙa kaza a ruwan lemo ta kwana. Da yanayin wutar nan, firjin da ya wuni a kashe ba wurin ajiye ɗanyar kaza ba ne. Ruwan da aka jiƙa ta a ciki kuma ba a shafa shi a gasasshen nama sai an tafasa shi sosai. Mai ma'aunin zafi ya soka a tsokar cinya, ya ga digiri 74 a ma'aunin Selshiyos. Wanda ba shi da shi ya tsaga kusa da ƙashi, kada a ga ja.

Kuku (Kabala)
Jiƙawar kwana ma ba ta da wani amfani. Tsami ba ya ratsa nama can ciki, saman kawai yake ci, in ya daɗe sai fatar naman ta yi laɓo-laɓo. Gishiri ne ke shiga. Awa ɗaya ko biyu ya wadatar.

Maman Ilham (Unguwar Rimi)
Na ƙaru wallahi. Amma wanda na fi gani a bidiyo ƙananan yanka ne, kamar an soya su da fulawa, sos ɗin kuma kauri kitif. Shi ma haka ake yi?

Kuku (Kabala)
Wannan daban ne. Na gidajen abincin 'yan Sin ne da ke Amurka, kamfanin Panda Express ne ya fito da shi a 1987. Ana cire ƙashi, a yanka tsokar cinya ƙanana, a tsoma a ƙwai da garin sitacin masara, a soya a mai mai yawa, sannan a juya a sos. Kaurin nan sitaci ne aka dama da ruwan sanyi aka zuba. Yara na son sa, amma ni a ganina sukarinsa ya yi yawa, kuma sitaci na dushe ɗanɗanon lemo. Na fi son a bar ruwan ya ƙone da kansa.

Wanda ya fi kama da abin da kika tambaya tun farko, kaza da karas da lemo a faranti ɗaya, na mutanen Iran ne. Suna da shinkafar biki da ake yi da karas yankan ashana da ɓawon lemo, a ci da kaza. Su sukan yanka ɓawon siri-siri su tafasa su zubar da ruwan, su maimaita, har ɗacin ya fita. Mai tsoron magogi ta bi wannan hanyar.

Anti Larai mai girkin biki (Barnawa)
Malam Kuku, kai faranti huɗu kake fitarwa a otal, ni mutum ɗari biyu nake ciyarwa a wuni. In ce zan tsaya ruwan lemon kaji hamsin ya ƙone da kansa, amarya ta tare ban sauke ba, ga kuɗin lemo ga na gas. Sitaci babban cokali ɗaya a kofi biyu na ruwa ba ya kashe komai, in dai an bar shi ya tafasa ya daina warin gari. Kuma sos mai sitaci ya fi zama a kula, ba ya tsinkewa kafin a raba.

Kuku (Kabala)
Na biki daban, Hajiya Larai, ban musa ba. Ita kaza ɗaya za ta yi a gida.

Anti Larai mai girkin biki (Barnawa)
Ko a gida, ranar da lemon ya zo da ruwa salam ba zaƙi, sitacin ne zai fitar da ita kunya.

Ɗan Rigasa
Tambaya daga ɓangaren gwauraye: in babu lemon matsewa, lemon kwalba zai yi? Launin ai ɗaya ne.

Malama Hussaina (Malali)
Kai dai ba ka rabo da tsokana. Wannan yawancinsa ruwa ne da sukari da kala, in ya ƙone alawa za ka samu a jikin kaza. Na kwali wanda aka rubuta ba a ƙara masa sukari ba zai iya yi in an rasa, a ƙara masa lemon tsami. Amma a wannan watan da lemo ke neman mai saye, me zai kai ka?

Af, na manta ban faɗa ba ɗazu: a guji tukunyar dalma da kaskon baƙin ƙarfe wajen ƙona ruwan lemo. Tsami na cin jikinsu, sai sos ɗin ya dushe ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. A yi a tukunyar silba irin ta stainless ko wadda ba ta kamu.

Amaryar Kawo
Da me ake ci? Kar a ce min tuwo.

Maman Godiya (Sabon Tasha)
Farar shinkafa, ko kuskus, ko dankalin Turawa da aka gasa. Acca ma na karɓarsa sosai. Jalof ce ban ba da shawara ba, tumatir da lemo kowa na son a ji shi, sai su yi ta rigima a baki.

Hajiya Babba (Tudun Wada)
Ku dai ku yi ta yi. In an kawo min zan taɓa karas ɗin, shi na yarda zai yi daɗi da man shanu. Kazar kuwa a ajiye min yajin ƙuli a gefe.

Maman Ilham (Unguwar Rimi)
Za a ajiye Hajiya. Baban Sadik, zabbi biyu gare ni da aka kawo min daga ƙauye, su fa? Ko in bar su in sayi burola?

Baban Sadik mai kaji (Mando)
Za su yi, amma zabo ba shi da kitse, yana saurin bushewa. Kar ki cire fatar, kuma kar ki soya shi ya yi ƙayau yadda aka saba. Ki sulala a ƙaramar wuta sai cinyar ta fara sakin ƙashi, ƙirjin ki riga tsame shi domin ya fi saurin nuna. Wajen haɗa sos ɗin ki ƙara bota cokali guda, ki rage zumar zuwa cokali ɗaya, naman zabo ba ya son zaƙi da yawa. In gwajin farko ne dai ki fara da cinyoyin burola, in hannunki ya faɗa sai ki taɓa zabbin.